Maƙwabtan da Ba Mu Ƙirga Ba

Duk wanda ya haura shekara hamsin a Kano ya riski zamanin da ba a yanka a kwata sai da ungulu a kan katanga. Sukan jeru tun da sassafe, kai a sunkuye, suna jiran mahauta su gama fiɗa su watsar da abin da ba a so. Haka abin yake a bakin kasuwanni, haka a kan kowane juji na bayan unguwa. Ranar layya kuwa, kana ɗaga kai za ka gan su suna jewa bisa gidaje, har a sa yara gadi don kada su sure hanji daga ƙwarya. Yau yaro kan tashi a Fagge ko Gwale, ya yi sauka, ya gama sakandare, bai taɓa sa ungulu a idonsa ba. Yana jin manya na cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, alhali tsamiyar an sare ta, mai gidan kuma ba a san inda ta nufa ba.

Ka tambayi dattawa goma shekarar da ungulu ta bar gari, za ka ji amsa goma. Wannan ya fi komai damuna cikin lamarin. Garin da ɗan kasuwarsa ba ya kwana sai ya san yadi nawa ya rage a rumfa, shi ne ya yi asarar maƙwabtan da ya zauna da su ɗaruruwan shekaru ba tare da ya ajiye lissafinsu ba.

In dalilin tafiyarta aka tambaya, amsar da aka saba bayarwa ita ce, ai birni ne, dabba ba ta zama da mutane. Ban yarda da wannan amsa ba, tarihin Kano ma bai goyi bayanta ba. Tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen ƙarni na 12, aka fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Kano ta yi ƙarnuka tana birni, da kasuwa da marina da majema da fatake, kuma duk tsawon lokacin nan tana tare da tsuntsayenta da kifinta da kwaɗinta. Da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo a 1851, ya ƙiyasta mazauna garin da dubu 30, ya kuma lura cewa gidaje wani sashe kawai suka ci na filin da ganuwa ta kewaye. Sauran gonaki ne da fadama da itatuwa, ga ruwan Jakara a tsakiya. Magabata da gangan suka bar wannan fili, don in yaƙi ya zo aka rufe ƙofofi a sami wurin noma da kiwo. Abin da aka bari saboda tsaro shi ya zama gidan fakara da zomo da bushiya.

Sai kuma yadda ake gini. Gidan ƙasa daga ƙasar unguwa yake fitowa. Magina su haƙa, su kwaɓa, su yi tubali, ramin da suka bari damina ta cika shi. Haka kududdufai suka samu, kowace unguwa da nata, wasu a gindin ganuwa inda aka ɗebi ƙasar gina ta. Ba wanda ya haƙa kududdufi don tsuntsu, amma tsuntsu ya ci moriya. Mu da muka yi ƙuruciya a bakinsu mun san abin da ke ciki: tarwaɗa da karfasa, kififiya, da burduddugin da kukansa ke hana unguwa barci daren ruwan farko. Zalɓe kan tsaya a gefe shiru yana jiran kifi. Balbela kan dawo da yamma garke-garke ta sauka a itacen bakin ruwa har ya koma fari fat. In ruwa ya yi yawa, kirinjijiya kan wuce da dare ana jin fitonta. Shi kansa sauron da ake kuka da shi yana da masu cinsa a wurin: kifi na cinye 'ya'yansa a ruwa, mazari da tsattsewa na kama ƙwari a sama.

Akwai kifin da nake tunawa duk lokacin da na ga tifa tana juye ƙasa a tsohon kududdufi, wato gaiwa. Allah ya yi mata huhu. In ruwa ya fara janyewa sai ta nutse cikin taɓo, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ya bushe ya zame mata kwanso, ta bar 'yar ƙofar shan iska, ta kwanta watanni tana rayuwa da abin da ke jikinta har ruwa ya dawo. Da wannan dabara ta tsallake farin 1973 da na 1984. Amma cike kududdufi da rani ake yi, lokacin da ya ƙafe. A zuba shara, a zuba ɓaraguzai, a bi da jar ƙasa, a daddaɓe, a haƙa harsashin gini. Gaiwar na ƙasa tana jiran ruwan da ba zai ƙara isa gare ta ba. Mai filin bai san ya binne kowa ba, kuma ba mugunta ce ta sa shi ba.

Alƙaluman ƙidaya sun nuna girman abin da ya faru. A 1952 mutanen Kano kimanin dubu 130 ne. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye sun kai miliyan 2.8, yau kuma ana ƙiyasta sun haura miliyan 4. Kabuga, Ɗorayi, Rijiyar Zaki, Hotoro, Na'ibawa, Sheka, duk mun san su gonakin gero da dawa da gyaɗa. Da bulo da siminti da kwano suka maye gurbin tubali da azara, kududdufi ya rasa aikinsa. Daga nan ya zama juji, daga juji sai wari da leda, har mutanen unguwa da kansu su roƙi a cike shi. Ana cikewa sai a ga ashe fuloti ne. A bayan gari kuma awon igiya ya shigo: mai gona ya kira dillali, a yayyanka ƙanana, ba filin makaranta, ba magudanar ruwa, balle wurin itace. Abu na farko da mai sabon fuloti ke yi shi ne kiran mai inji ya kwantar da ɗorawa ko kukar da ta tsaya masa inda ɗaki zai zauna.

Manomin Kano kuwa bai taɓa zama maƙiyin itace ba. Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da birnin, ɗaya daga cikin yankunan noma mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Shi da abokan aikinsa sun tarar cewa duk da yawan mutane da buƙatar itacen girki, itatuwan gona ba su ƙare ba, domin kowace ɗorawa da tsamiya da kanya da gawo tana da mai ita. Ana sassabe reshe, ba a kashe uwa. Jakuna na kai itace birni su komo da taki. Ke nan yawan jama'a shi kaɗai bai kori tsuntsu ba. Ranar da gona ta zama fuloti, ranar itace ya rasa mai kare shi.

Kuma ba kowane itace ne gida ba. Darbejiyar da ake dasawa a bakin titi alheri ce, inuwa ce. Amma ungulu da shamuwa dogon itace suke nema mai manyan rassa, irin rimi da kuka da maɗaci da giginya. Mujiya da tsiriya da cilakowa kogo suke so, kogo kuma sai tsohon itace. Kukar da ta shekara ɗari biyu inji kan kwantar da ita kafin azahar, dashen bana kuwa ba zai kai matsayinta ba ko a zamanin jikokinmu. Shamuwa ta fi ba ni tausayi. Daga kudancin Afirka take tasowa ta iso mana dab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a tsakiyar gari saboda ta saba ba a taɓa ta. Da zuwanta manoma ke gane lokacin gyaran gona ya yi, abincinta kuma fara da tsutsa, maƙiyan shuka. Takan komo itacen da ta saba shekara bayan shekara. In ta dawo ta tarar da shaguna a wurin sai ta wuce gaba, ba ta da bakin kai ƙara.

Game da ungulu, adalci shi ne a faɗa cewa gini ba shi ne babban mai laifi ba. Ungulun gari tana son zama kusa da mutane, da birni ne kawai matsalar, da ta ƙaru tare da mu. Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi dubban kilomita na hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973 yana ƙirga tsuntsaye masu farauta da masu cin mushe, sannan ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Manyan ungulayen daji, irin su maiki, sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandayen da ake tsaro. Ungulun gari ta ragu da kusan rabi. A 2015 wani nazari da Darcy Ogada ta jagoranta ya tattara bayanai daga ƙasashen Afirka da dama, ya nuna cewa cikin ungulayen da aka rubuta mutuwarsu, guba ce ta kashe kashi 61, cinikin sassan jikinsu don magani da tsafi ya ci kashi 29. A shekarar ce ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun gari a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. A 2020 an tsinci gawar fiye da 2,000 a Gini Bisau, da yawa an yanke musu kai. Kasuwannin Nijeriya na cikin manyan wuraren da kai da ƙwai da gashin ungulu ke ƙarewa, kuma wannan abin kunya ne da ya kamata mu faɗa da bakinmu.

To ina hannun birni a ciki? Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara. In an sare itacen sheƙa, shekarar ta tafi. In dogayen itatuwa suka zama 'yan kaɗan, ungulun yankin duka a kansu za ta taru, mai neman ta ba sai ya sha wahala ba. A kwata ma, abin da a da ake zubarwa, jini da ƙashi da kayan ciki, yanzu kowanne yana da mai saye. Yunwa da rashin gida suka raunana ta, guba da ciniki suka ƙarasa.

Indiya ta riga mu ganin abin da ke biyo baya. Can wani maganin dabbobi ne mai suna diklofenak ya kashe fiye da kashi 95 na manyan ungulayensu tun daga shekarun 1990, kafin a hana shi a 2006. Mushen shanu ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, ruwan sha ya gurɓata. Masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Cikin ungulu yana da tsamin da ke kashe ƙwayoyin cuta masu yawa. Kare da ɓera in sun ci mushe yaɗa cutar suke yi.

Wani zai ce ai har yanzu gari cike yake da tsuntsaye. Haka ne. Hankaka na nan, shirwa na nan, kurciya da hasbiya sun koyi sheƙa a jikin bene, ƙadangare ya sami katanga, ɓera da gafiya sun sami kwalbati. Waɗanda ke cin komai su kwana ko'ina, birni ya karɓe su. Waɗanda sai da ruwa, ko sai da kogo, ko sai da doguwar ciyawa, su ne suka tafi. Shi ya sa kallon ido kan yi ruɗi: kawuna na iya ƙaruwa alhali iri yana ƙarewa. Kowa kuma abin da ya buɗi ido ya tarar shi yake ɗauka daidai. Yaron da aka haifa a 2010 ba ya kewar kukan burduddugi, don bai taɓa jin sa a unguwarsu ba.

Hannun birni ya wuce inda gidajensa suka tsaya. Ruwan majemu da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a koguna yake ƙarewa. Tifofi na kwashe yashin Kogin Challawa. Gawayin da ake girki da shi a gidajenmu wani daji ne ya ƙone. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa da ke Ƙaraye a 1992, don noman rani da ruwan sha. A can ƙasa kuma, fadamar Haɗeja zuwa Nguru, inda dubun-dubatar tsuntsayen Turai ke yin hunturu, ambaliyar da ke rayar da ita ta ragu ƙwarai, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Gauraka, wanda dubbansa ke kiwo a fadamun arewa a farkon shekarun 1970, yau da wuya a gan shi a dajin Nijeriya. Bushewar fadama ta rage shi, masu kamawa suna sayar wa gidajen masu hali suka ƙarasa. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da dajin Falgore da fadamar Haɗeja gandayen ƙasa. Mataki ne mai kyau, amma gandun da ke nesa da fiye da kilomita 100 ba zai dawo wa Ɗorayi da shamuwarta ba.

Ba na cikin masu cewa a daina gini. Mutum miliyan huɗu sai sun kwana a ɗaki, wanda kuma ya yi shekara ashirin yana haya, ba adalci ba ne a ɗora masa laifin kwaɗi ranar da ya sami fulotinsa. Kududdufi ma yana da sharrinsa: ya ci yara, ya ba wasu tsargiya, ya haifi sauro. Sai dai maganin ruwa mai datti gyara ne, a hana zuba shara, a kewaye shi, a zuba kifi. Unguwannin da suka cike nasu sun ga sakamako. Duk Agusta ruwan sama na zuwa neman tsohon mazauninsa, in bai samu ba ya shiga ɗakunan mutane. Abin da ya binne gaiwa shi yake rusa katangar talaka. Buƙatarmu da ta waɗannan halittu ba su rabu ba kamar yadda dillalan filaye ke nunawa.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Garuruwan Hausa sun san hurumi, filin da ba mai nomawa ba mai ginawa, sun san burtali da mashaya. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana sare itatuwan Madina da farautar dabbobinta, ya kuma sanar da cewa wanda ya dasa itace tsuntsu ya ci daga gare shi yana da ladan sadaka. A Suratul An'am an gaya mana dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamarmu. Dokar zamani ma tana nan: tun 1992 Nijeriya ke da dokar da ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Amma birni ba da babban aiki ɗaya yake cinye daji ba. Fuloti ɗaya ne yau, ɗaya gobe, kowanne ya yi ƙanƙanta da a auna shi, jimillarsu kuma ba ta da mai tambaya.

Jimillar nan ba a gane ta sai da ƙirga. Hoton tauraron ɗan'adam zai nuna maka gonar da ta zama gidaje da kududdufin da ya ɓace, amma ba zai gaya maka shamuwa nawa ta yi sheƙa bana ba. Wannan sai ƙafa da ido da littafi. Darajar aikin Thiollay ita ce hanya ɗaya ya bi sau biyu, shekara talatin a tsakani, ya rubuta abin da ya gani. Mu ma muna da mafari. A 1981 Sharland da Wilkinson sun wallafa jerin tsuntsayen Jihar Kano ta wancan lokaci, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau, a mujallar Malimbus. Tun ƙarshen 2015 kuma cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos take tafiyar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, 'yan sa-kai, ciki har da matasan arewa, na shiga da wayar hannu suna rubuta duk tsuntsun da suka gani ko suka ji. A ajiye jerin 1981 kusa da na yau, za a ga wa ya tafi, wa ya rage, wa ke bakin ƙofa.

Akwai kuma ilimin da ba ya cikin kowace mujalla. Tsofaffin mahauta sun san itacen da ungulu ke kwana. Masunta sun san kududdufin da ke da gaiwa da wanda ba shi da ita. Mafarauta sun san lokacin da suka daina samun barewa a kusa suka koma gada, daga gada zuwa zomo, daga zomo zuwa kurege. Waɗannan dattawa kullum raguwa suke yi, in suka tafi da abin da suka sani, ba mai iya cewa ga yadda bayan garin Kano yake a 1970.

Saboda haka kirana ga sassan nazarin halittu da labarin ƙasa na Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun jihar, su tura ɗalibansu unguwa-unguwa tare da masu unguwanni, a rubuta kowane kududdufi da ya rage, da kowane tsohon rimi da kuka da tsamiya, a ɗauki maganar dattawa, a kuma maimaita ƙirgar duk shekara a wata ɗaya. Hukumar tsara birane ta karɓi wannan jeri ta sa shi a taswira a matsayin hurumi, ta yadda ba takardar fili da za ta fita a kansa. Masarauta da limaman Juma'a su tsawatar kan cinikin kan ungulu kamar yadda suke tsawatarwa kan sauran ɓarna. Kai kuma mai sabon fuloti, in ka tarar da tsohon itace a kusurwa, ka fara tambayar magini ko zai iya kauce masa kafin ka kira mai inji.